Bargon Ya Fanna a Ƙarƙashin Injin Wuta

Da safiyar nan labarin ya same ni, kuma a waya ya same ni, tsakanin tallar maganin basir da hoton bikin wasu da ban sani ba.

Ina shan koko sai ga hoto ya shigo. Wani mutum ne da babbar riga da tabarau, an rubuta a ƙasa wai mahaifiyar Darakta ta rasu, an yi jana'iza jiya bayan la'asar. Na ce Allah ya ji ƙanta, na ci gaba da kokona. Daraktoci sun yi yawa a Damagaram, kowanne kuma da uwarsa. Sai da 'yata Aishatu ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu, ta ce, "Baba, ai Bukar ne."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya Fanna ce ta rasu. An kai ta makwancinta ina nan Kara-Kara ina gyangyaɗi, babu wanda ya tuna a aiko mini. A sanarwar ma babu sunanta. Hoton ɗanta aka sa, shi da yake raye yana shan iska.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni da shirme, da tsokanar surukaina, da labarin haƙorana da suka yi hijira. Yau raina a ɓace yake. Ku yi haƙuri da rubutun kuma, da yatsa ɗaya nake yi. Ban yi nisa a lakwal ba, makarantar boko ke nan. Mushe, malaminmu, ya duba ni ya ce duwatsun Birni sun fi kaina laushi, ya sallame ni, babana ya miƙa ni wurin mai gyaran keke. Faransancin da na tsira da shi bai wuce na gaisuwa da zagi ba.

Ya Fanna maƙwabciyarmu ce a Birni, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Babarbariya ce, ni kuma Bafillace, don haka tun ranar da aka kawo ta gidan Ba Modu mai fataucin fata muka soma yaƙi. Ta ce ba ta taɓa ganin Bafillacen da ko akuya ba shi da ita ba, sai ƙarfe mai ƙafa biyu, shi ma na mutane. Na ce ban taɓa ganin amarya da aka zane wa fuska kamar gonar gyaɗa ba. Ta jefe ni da ludayi. Washegari ta miƙo mini burabisko ta kan katanga. Haka muka zauna har tsufa.

Kafin aurenta ta yi reno a gidan matar wani likita Bature. A can ta ga saƙar ulu. Babu wanda ya koya mata, kallo kawai ta yi tana jijjiga ɗan mutane.

Sai ga shekarar ƙuri'a, wadda aka ce kowa ya zaɓa, Wi ko No, a zauna da Faransa ko a rabu. Yaran yanzu a littafi suke jin ta, mu a tsakar gida ta same mu. Ba Modu ɗan No ne, mai ɗaga murya a kasuwa. Wi ta ci. Ba a jima ba aka fara bin 'yan No ɗaya bayan ɗaya. Aka turo gardi, 'yan sanda masu jar hula na kumandan, Baturen da ke mulkin garin, suka birkice gidan wai suna neman takardu. Ba su samu komai ba, sai suka tafi da abin da suka samu, har da shimfiɗa da mayafai. Ba Modu ya sulale Kano a cikin motar fata. Ya bar Ya Fanna da ciki.

Ƙofar gidan nan ta zama kamar bakin rijiyar da aka ce akwai aljani. Masu cin tuwon Ba Modu jiya suka riƙa sauya hanya. Babana da kansa ya tara mu ya ce duk wanda ya taka zauren nan ya nemi wani uban, shi ba zai rasa rumfarsa ta kasuwa saboda gaisuwa ba. Ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Tsoro ne ya cika garin.

Cikin tsakiyar sanyi ta haihu, kuma bakwaini. Sanyin da ruwan randa ke cizon haƙori. Wata tsohuwa ce ta karɓi haihuwar, ta fito tana cewa yaron bai fi ɗan shila ba, kada ma a wahalar da rago. Wani malami ya raɗa suna daga bakin zaure yana waige-waige, ya yi gaba.

Sunan da ya raɗa shi ne Bukar. Ku riƙe wannan.

Wata safiya ina wanke fuska sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta bayan katanga. "Bafillace, a cikin tarkacenka akwai wayar ƙafar keke guda biyu?"

Babana ya hana taka zaure, bai ce komai game da katanga ba. Na zaro waya biyu daga wata matacciyar ƙafa a wurin aiki, na goga bakinsu a dutse har suka yi santsi, na lanƙwasa gindinsu don kada zare ya zame, na cilla mata. Abin da na taɓa ƙerawa ke nan a duniya da ya yi amfani.

Rigar sanyin Ba Modu, wata koriya, ita kaɗai ta tsira, don tana jikinta ranar da gardi suka zo. Ta warware ta. Ulun da aka warware a murɗe yake fitowa kamar gashin tunkiya, sai ta naɗe shi a bayan ƙwarya ta kanga a tururin tukunya har ya miƙe. Ta saƙa ɗan bargo, bai fi faifai biyu ba. Ya rufe yaron, ita kuma ta zauna da zane ɗaya tana rawar ɗari, nono na ƙafewa.

Innata ce ta fara. Babana yana da wata safa mai ruwan toka da ya saya a kantin wani Kwara Balarabe don alfahari, ba ya sa ta sai ranar salla. Ranar wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, Inna ta warware ƙafa ɗaya, ta naɗe zaren a jikin ƙwallon goruba don ya yi nauyi, ta wurga ta kan katanga. Babana ya mutu yana zargin ɓera.

A bakin rijiya maganar ta bazu, baki zuwa kunne. Daga nan kowace Juma'a, da zarar liman ya tayar da salla, sai ka ji tim, tim, a tsakar gidan Ba Modu. Matan kuku da na boyi, masu aiki a gidajen Turawa, suna tsinto guntayen da madam-madam suka yar a kwando. Matar wani tsohon soja ta warware masa hular sanyi mai ruwan ƙasa. Wata tsayin zarenta bai wuce kamu ɗaya ba, amma ta jefa. Wasu maimakon goruba sai su naɗe a jikin sukari, ko guntun sabulu, ko goro, ko kanwa. Babu mai sallama, babu mai cewa ni ce. Wani dunƙule ya faɗa cikin miya. Wani kuma, na wata da ba ta iya saiti ba, ya sauka a tsakiyar kaina ranar da na maƙale ban je masallaci ba. Na ɗauka azaba ce ta fara tun daga nan.

Gaisuwar barka ke nan da unguwarmu ta iya yi wa Ya Fanna. Ta matsorata ce, na yarda. Amma da ita yaron ya rayu.

Duk guntayen nan, babu ƙulli ko ɗaya a bargon. In zare ya ƙare, sai ta tsefe bakinsa ta tsefe bakin na gaba, ta jiƙa da yawu, ta murza su a cinya har su zama ɗaya. Na taɓa ce mata ta ƙulla mana, wa zai gani? Ta ce, "Ƙulli yana cizon jariri. Kai da fatarka ta ƙirgi ba za ka sani ba."

Wata Juma'a wani jan dunƙule ya faɗo, babba, ulu mai kyau irin na kanti. Kowa ya san gidan da ake da irinsa. Na matar gardin da ya naɗe tabarmar Ya Fanna da hannunsa ne, ta saya za ta yi wa mijinta abin wuya. Innata ta ce ta kan katanga a jefa shi a murhu. Ya Fanna ta ɗauke shi. Ta saƙa shi a tsakiyar bargon, daidai inda ƙirjin yaro ke kwanciya.

Da aka ba da mulkin kai, Turawa suka shiga ɗaure akwatuna, madam-madam suka zubar da kwandunan ulu. Wasu a garin nan sun samu ofis, wasu mota, wasu kujerar kumandan. Ya Fanna ta samu ulu. A shekarar bargon ya fi girma. Miji dai bai dawo ba, don waɗanda suka kore shi su ne suka hau mulki. Da saƙar huluna da safar jarirai ta ci da kanta, ta sa Bukar a lakwal, shi kuma kansa ba irin nawa ba ne, ya wuce har Yamai.

Sai da Bukar ya yi gashin baki Ba Modu ya dawo, da furfura da tari. Ya ga koren rigarsa a gefe, ya yi dariya. Ya ga jan, aka gaya masa na wace ce, ya ce a farke shi yanzu. Ta ce masa, "Shi ya fi ɗumi. Kana Kano lokacin." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Bargon bai zauna a gida ba. Duk wadda ta haifi bakwaini, ko ta haihu cikin sanyi babu hali, sai a ce a je wurin Ya Fanna. Birni, Zango, har daga Hamdara da Dakusa an zo a kan jaki an ara. Ba ta karɓar komai. In za a mayar, sai a haɗo da ɗan dunƙulen ulu, ta ƙara. Shi ya sa ba ta taɓa rufe bakin saƙar ba. Gefe ɗaya kullum a buɗe yake, wayoyin keken nan biyu na soke a ciki, in za a ba da aro ta zare su ta zura igiya ta riƙe idanun saƙar.

Aishatun da ta gane hoton nan da safe, a cikinsa ta yi arba'in. Uwarta, Allah ya ji ƙanta, ta sha wuya a haihuwar, ni kuma ina tsakar gida ina zagaye kamar kazar da aka yanka ba daidai ba. Ya Fanna ta zo da bargon a kanta, ta naɗe yarinyar, ta dube ni ta ce in zauna kafin in haƙa musu rijiya da ƙafa. Ta danƙa mini wayoyin, ta ce tunda ni na ƙera su sai in san aikinsu. Kwana da kwanaki ina fama. Na saƙa wani abu shuɗi, ba murabba'i ba, ba da'ira ba, kamar taswirar ƙasar da aka yi yaƙi a kanta. Na ce ta yar. Ta ɗinke shi a kusurwa, ta ce nan ƙafar jariri ke zuwa, ƙafa kuwa ba ta da ido.

Ganina da ita na ƙarshe, bayan ƙaramar salla ne.

Bukar ya aje aiki ya dawo gida, ya rushe ginin ƙasa ya tayar da na siminti, katanga har ba ka ganin kan dabino. Ba zan yi masa ƙarya ba don ina fushi. Ya kai ta Makka. Ya sa mata gado mai katifa, da mai yi mata wanki, magani ba ya yankewa. Na same ta kwance, ta ƙanƙance, an lulluɓe ta da wani bargo mai sheƙi irin na kanti, da hoton damisa ta buɗe baki.

Ta ce, "Bafillace, ka ga an rufe ni da damisa, ni da ko kyanwa ba na so."

Na ce ai daidai ke nan, mugu sai mugu. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta kama hannuna ta ce an ɗauke nata bargon, wai manyan baƙi na shigowa dubiya, kada a ga tsumma a kan uwar Darakta. Ta ce sanyin damisar nan har cikin ƙashi. Sannan ta ce, "Bakinsa a buɗe yake. In aka ja shi zai warware."

Da na fito na tambayi mutanen gidan, aka ce an kai wanki. Na koma bayan kwanaki, aka ce tana barci, bargon kuma bai bushe ba. Na aika wa Bukar saƙo da bakin Aishatu, ya ce a gaya wa Baba Sambo kada ya damu, an san darajar kayan tarihi.

To, yau na ga darajar.

Aishatu ta sa ni a adaidaita muka tafi gaisuwa. Layin ya cika da motoci, an kafa rumfuna, an jera kujeru, fankoki na juyawa a kan manyan mutane, wani na ta jero sunayen waɗanda suka iso a lasifika. Babu wuta a gari, don haka an tayar da injin, gurup ɗin nan, a lungun bayan zaure. Ni kuma tsufa, fitsari ba ya jiran Darakta. Na zagaya lungun, sai idona ya faɗa kan wani shuɗin abu mai kama da taswira yana leƙowa daga ƙarƙashin injin.

An ninka bargon Ya Fanna an ɗora inji a kai, don kada ƙararsa ta dami baƙi, kada kuma baƙin mai ya ɓata tayil.

Ba zan iya ɗaga inji ba, ni da buta ma sai na yi bismilla biyu. Amma wanda ya yi rayuwarsa a cikin ƙarafa ya san inda ake kashe kowane. Na murɗa.

Fankoki suka tsaya. Lasifika ta mutu a tsakiyar sunan wani babban mutum. Sai ga Bukar da kansa ya zagayo, mutane a bayansa, yana tambayar wane ne. Ya gan ni durƙushe ina jan gefen bargon. Ya sassauta murya ya ce, "Haba Baba Sambo, tsumma ne fa. In bargo kake so, a ba ka sabo."

Na ce, "Bakwaini, ɗaga injin nan."

Ina jin tun da ya sa tabarau babu wanda ya kira shi da sunan nan. Na ce masa ranar da aka haife shi babu fanka, babu rumfa, babu ko ɗaya daga iyayen waɗannan da ke kan kujeru da ya iya cewa barka. Na nuna masa koren, na ce rigar ubanka ce. Na nuna masa toka-tokan, na ce safar ubana ce. Na ce wannan tsumman shi ne ya yi maka watanni biyun da ba ka yi a ciki ba.

A fuskarsa na gane abin da ya ƙara ƙona mini rai: bai sani ba. Ya san uwarsa na da wani tsohon bargo da matan unguwa ke ara, shi ke nan. Ita ba mai gori ba ce, ba ta faɗa ba. Shi kuma ya karanta tarihin Faransa kaf, bai taɓa zama ya tambayi tsohuwar me ya sa bargonta ya yi kala ɗari ba.

Bai kira yara ba. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya ɗaga injin da kansa, na zare. Ban ko yi masa ta'aziyya ba. Allah ya yafe mini wannan, gobe ma ba na jin zan iya.

Ga shi nan a kan cinyata ina rubutun nan. Yana warin mai. Wayoyin sun ɓata, buɗaɗɗen bakin ya warware kusan kamu guda, kamar yadda ta faɗa. Zafin injin kuma ya cinye tsakiyar. Jan nan na matar gardi babu shi, sai rami da hannuna ke wucewa.

Aishatu ta ce za ta wanke shi da ruwan ɗumi, a hankali. Na aika a samo mini wayar ƙafar keke biyu, dutsen gugawa kuwa ina da shi. Na iya saƙa kamar yadda na iya Faransanci, amma sanyi na tafe, kuma ba a daina haihuwar bakwaini a Damagaram ba.

Don haka ku da kuka kwana a cikinsa, ko 'ya'yanku suka kwana, kun san kanku, wasunku ma yau kuna kan kujerun can. Kada ku cika mini waya da hoton hannu biyu da fuska mai hawaye. Ku nemi guntun ulu, ko kamu ɗaya ne, ku naɗe a ƙwallon goruba. Gidana kowa ya san shi, mai tsohuwar ƙafar keke a saman ƙofa. Ba sai kun yi sallama ba.

Ja nake nema musamman.

Bukar, na san za a nuna maka wannan. Katangata gajera ce, ko mai ciwon kafaɗa zai iya. Ranar Juma'a ina masallaci, babu wanda zai san wanne ne naka.

Ya Allah, ga baiwarka Fanna ta zo maka. Ta rufa 'ya'yan mutane lokacin da babu mai rufa nata, ka lulluɓe ta da rahamarka. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka kare ta daga sanyinsa da zafinsa. Ka gafarta mata, da matan da suka yi jifa ta kan katanga, da mazan da tsoro ya hana su sallama. Ni kuma ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu tafasa take.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya kuma ambaci sunanta da bakinsa. Fanna ne sunan. Ba a rubuta shi a sanarwar ba.